Gonar Aron Kawu

Matso kusa, ko wane ne kai da wannan takarda ta faɗo hannunka. Ni ba mai yawo ba ce, ƙafata ba ta wuce kasuwar Saint-Denis, karatuna kuma aji biyar ne na lakwal a Maradi. Amma kunnena ba ya yar da magana. Yau kwana talatin da huɗu da rasuwar kawuna, kuma ina so in gaya maka ko wane ne shi tun kafin mutane su gama mai da shi "marigayi" kawai.

A ɗakina aka yi zaman makoki, hawa na bakwai a Sevran. Tsofaffi suka riƙa shigowa suna haki, takalma suka cika har ƙofar maƙwabta. Duk wanda ya shigo, kafin ya zauna sai ya ce, "Ina ɗiyar marigayi?" Sai a nuna masa kusurwa, inda taubashiyata take zaune. Da safe ta sauka daga jirgin Lyon, da mayafin da ko yafa shi ba ta iya ba, yana ta zamewa. Can za a durƙusa a yi doguwar gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya sa ya huta. In an gama, a juyo a gan ni da tire a hannu, a ce, "Sannu da aiki."

Sannu da aiki. Shekara goma sha uku ni ke yanke masa farce.

Gwaggonmu ta Bobigny ta share hawaye ta ce, "Ya bar baya mai kyau, ɗiya injiniya." 'Yan makarantar nan namu na jami'ar Saint-Denis suka zo su shida, ɗaya ya ce bai taɓa cin miyar sure, wato yakuwa, a ƙasar nan ba sai ta hannun Kawu. Maƙwabciyata Balarabiya ta kawo tukunya guda ta tsaya bakin ƙofa tana kuka, wai wa zai sake kawo mata na'ana'a mai ƙamshi. Aminin Kawu kuwa, wani Alhaji mutumin Damagaram da suka yi aiki tare, bai yi kuka ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Tun ranar da aka ɗauke garkar nan da yake nomawa ya mutu. Yanzu dai muka rufe shi."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni na koma kicin.

Bari in gaya maka yadda muke. Kawu wan mahaifiyata ne. Ina da shekara goma sha biyar ya aiko aka kawo ni Faransa, don matarsa ta haihu ba ta da lafiya. Jaririyar nan ni na goya ta, ni na koya mata cin tuwo da hannu. Ita aka sa lakwal, ni na zauna gida. Ba na cewa an zalunce ni, Kawu ya aurar da ni ga mutumin kirki, kuma sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai "Uwata". Amma in ya ce "Uwata", abin da ke biyo baya shi ne "ina ruwan alwala" ko "ina hulata". In ya ce "ɗiyata", abin da ke biyo baya labari ne. Ɗiyata ta ci jarrabawa. Ɗiyata ta tafi Lyon karatun tsara garuruwa. Ɗiyata tana da biro, ofis nata da taga. Ita kuma in ta zo hutu, tun daga ƙofa za ta ɗaga murya, "Ina baiwar gidanmu? A kawo ruwa!" Ni in ce, "Ga anasara mai baƙar fata ta iso, a ɓoye tonka kar yaji ya sa ta kuka." Wasan taubasai ne, kowa ya yi dariya. Ni ma ina yi. Amma nata wasan yakan kwana a cikina.

Da matarsa ta rasu, ya dawo ɗakina da akwati biyu da buzun salla. Lokacin ya aje aiki a kamfanin motoci. Wata biyu ya yi yana zaune bakin taga, yana kallon wurin aje motoci. Ran nan bayan sallar safe ya sa takalmi ya fita. Ashe bas ya shiga har inda layi ya ƙare, wani ɗan gari ne wajen filin jirgi, ya sauka ya yi ta tafiya har ya iske gonaki. Ya ga wani tsohon anasara duƙe cikin salati. Ya tsaya yana kallo. Da kallon ya ishe shi sai ya tuɓe riga ya duƙa ya kama cire ciyawa, ba wanda ya sa shi. Faransancin Kawu na wurin aiki ne, ƙusa da guduma da "shef ya ce". Amma kafin sati ya zagayo tsohon ya auna masa wani yanki a gefen gonar da takun ƙafa, ya ce ya yi abin da ya ga dama.

Ranar ya dawo da laka har gwiwa yana dariya. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar.

Abu na farko da ya shuka, sure ne, layi guda a kan iyaka, kamar yadda ake yi a gida don kowa ya san inda gonarsa ta tsaya. Sannan wake, kabushi, tonka, albasa, na'ana'a. Guro, wato kuɓewa, ya ƙi sanyi, sai tsohon ya ba shi kusurwa a ɗakin leda na shuka. Gero kuwa duk shekara sai ya shuka kunya biyu, duk shekara sai ya yi tsawo ya fi mutum, ya ƙi nuna. Maigidana ya ce, "Kawu, geron nan ba shi da takardun zama." Kawu ya ce, "Ni ma da na zo ba ni da su. A bar shi shi gwada." Yakan ce ƙasa ba ta jin Hausa ba ta jin Faransanci, taki take ji. Yakan ce kada ka yarda da mutumin da bai taɓa shinshina ƙasa ba. Har aljihun rigarsa ta Juma'a sai in iske iri ƙulle a leda in na zo wanki.

A garinmu in an ara maka gona, duk kaka kana kai wa mai ita dami guda. Ba haya ba ce, shaida ce, don kada wata rana kai ko 'ya'yanka ku manta ta wani ce. Kawu bai taɓa fashi ba. Kwandon farko na kowace kaka sai ya sa babbar riga ya kai gidan mai gonar, ya aje a ƙofa, ya yi godiya. Har da guro a ciki. Daga baya muka ji matar tsohon ta dafa sau ɗaya, ta ga yauƙi, ta ɗauka ya ruɓe, tun daga nan kaji take zuba wa. Kawu ya ce ba komai, kajin ma na mai gona ne. Sauran kuma ya bi bene hawa-hawa yana rabawa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, har da wani ɗan ƙasar Portugal da ba ya amsa gaisuwa.

Ni ban taɓa zuwa garkar ba. Sau nawa ya ce, "Uwata, ki zo ki gani," in ce wa zai dafa abinci. Ni ke wanke abin da ya kawo, in yanka, in shanya a baranda, in kaɗa miya. Amma in ɗiyarsa ta zo daga Lyon, ko jaka ba ta ajewa, sai ta sa wasu takalman roba su tafi. La'asar su dawo suna dariyar abin da ban gani ba. Ta ce, "Papa, ka tuna da zomon nan?" ya riƙe ciki. Ni in bi bayansu da tsumma ina goge sawun laka.

Shekara tara aka yi a haka. Sai wata kaka ya dawo da wuri, ya ce an kafa wani allo mai rawaya a bakin hanyar gona, mai gonar kuma ya ƙi haɗa ido da shi. An yi sa'a ƙarshen satin ɗiyarsa ta zo. Muna cin abincin rana ranar Lahadi ta jawo takardar burodi ta zana masa.

"Papa, ka ga, kowane gari yana da taswira a meri, ofishin magajin gari. Inda aka sa wa launin noma, doka ta kare shi, ba a gini a kai. Yanzu suna so su fid da wannan yankin daga kariyar. In ya fita, voilà, ana iya saida shi a yi gini."

"Wa ke canza launin?"

Ta ce, "Mutane irina."

Kawu ya tsame hannu daga kwano. "Ashe karatun da na tura ki Lyon na shafe gonaki ne?"

"Mais Papa, mutane suna buƙatar wurin kwana da wurin aiki. Wannan benen da kake zaune ciki, da gonar wani ce."

"Shi ya sa ba ni barci cikinshi."

"Kuma 'ya'yan mai gonar su suka fi kowa so. Ƙasar gini ta fi ƙasar salati daraja nesa."

"Ki ci abincinki ki kama jirginki," in ji shi. Ya tashi bai wanke hannu ba.

Sati uku bai ɗauki wayarta ba. Zan faɗa maka gaskiya tunda na ce ka matso: ban taɓa jin daɗin sati uku kamar waɗannan ba. Na dama masa fura, na yi masa kopto, ya zauna kicin yana ba ni labarin kakanmu da gonarsa ta bakin gulbi. Ni yake ba labari, ni.

A cikin kwanakin ne ya ji cewa kafin a canza launin, sai an aje babban kaye, wato littafin rubutu, a meri wata guda, an zaunar da wani dattijo yana sauraron jama'a, duk mai magana ya je ya faɗa. Fuskar Kawu ta washe. A ganinsa wannan zaman fada ne, irin na gida, inda ake kiran wanda ya noma wuri a ce ya kawo shaidu. Ya ce, "Uwata, ke za ki raka ni. Ke ce bakina."

Shekara kusan talatin ina jiran ya ce mini wani abu irin wannan.

Kwana biyu bayan haka ambulan ta zo daga Lyon, babba, mai ruwan ƙasa. Ni ke da mabuɗin akwatin wasiƙu. Na buɗe a kicin. Shafi biyar ne, bugun inji, da taswira, da lambobin doka, da bayanin irin ƙasar wurin da inda ruwa ke bi in an yi sama. Ban gane rabi ba, amma na gane aiki ne na wanda ya san hanya. A sama ta manna 'yar takarda da hannunta, da Hausarta mai karkata: "Papa, ka sa hannu a nan, ka kai musu. Ka yi haƙuri."

Na daɗe tsaye. Na san in na miƙa masa, zai sa tabarau, ya shafa takardar, ya kira Alhaji ya ce zo ka ga abin da ɗiyata ta rubuta. Ranar zuwa meri kuma ni ce mai riƙe jaka. Na ce a raina, bari dai zuwa gobe. Na sa ta ƙasan akwatin zannuwana. Gobe ta yi, na ce jibi.

Ranar Asabar ta ƙarshe muka tafi, ranar da za a rufe kayen da tsakar rana. Kawu ya sa babbar riga mai aska, ya ɗauki kwando cike da kabushi da tonka da albasa, ya ƙulla goro. Alhaji da wani malamin masallacinmu suka biyo mu a matsayin shaidu. Cikin bas mutane sai kallonmu suke. Ta taga Kawu ya nuna mini layin surensa, ja, can nesa. Ganina na farko ke nan.

Dattijon mai sauraro yana zaune bayan tebur, tabarau rataye a wuyansa, taswira manne a bango. Mutumin kirki ne, ya miƙe ya ba su hannu. Kawu ya fara gaisuwa, gida, iyali, gajiya, sanyi, ni ina juyawa, mutumin yana murmushi yana duban agogo. Sannan Kawu ya tura kwandon gabansa. Mutumin ya ɗaga hannu biyu kamar an nuna masa wuta, ya ce a'a, a'a, doka ta hana. Na ga kafaɗar Kawu ta sauka. A gida in babba ya ƙi karɓar gaisuwarka, ka san an riga an yanke.

Duk da haka ya gyara tsayuwa ya ce, "Hwaɗa mishi shekara tara ina noman wurin, ga shaidu biyu. Hwaɗa mishi ba tawa ba ce, aro ce, ban zo neman mallaka ba, ban taɓa fashin kai dami ba. Hwaɗa mishi ƙasar baƙa ce, ka tona taƙi guda ka iske tana. Irin wannan ƙasa shekara nawa Allah ya yi yana haɗa ta? In an zuba mata siminti ba ta dawowa. Su yi gininsu inda dutse yake."

Na juya iya yadda zan iya. Alhaji ya ce ya shaida, Malam ya ce ya shaida. Mutumin ya tambaya ko akwai takardar haya. Babu. Ya ce ya ji, kuma maganar ta taɓa shi, amma shi abin da aka rubuta yake ɗauka ya kai gaba. Ya turo kayen, ya miƙo mini bik, alƙalamin rubutu.

Da na buɗe na ga abin da wasu suka kawo. Takardu bugun inji, an manna su shafi-shafi, da taswira, da lambobi. Irin wadda ke kwance ƙarƙashin zannuwana sak. Bayanmu wata mata tana jira da fayil a hammata, tana buga ƙafa. Rabona da rubutun Faransanci mai tsawo tun Maradi. Layi huɗu na iya: kawuna yana noma a nan, ƙasar tana da kyau, kada ku yi gini, mun gode. Kawu ya karɓi bik ya sa hannu a hankali, kamar mai sa hannu a takardar aure.

A bas ya ce, "Uwata, kin rubuta duka?"

Na ce, "Duka, Kawu."

Bai koma da kwandon gida ba. Ya sauka a gona ya kai wa mai ita, wanda bai ko leƙo meri ba. Alhaji ya ce, "Mutumin da ya saida ka za ka kai wa?" Kawu ya ce, "Tashi ce. Bana ma na noma."

Sati guda bayan haka, bayan la'asar, wayarsa ta yi ƙara, wannan karon ya ɗauka. Kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a buɗe yake sa murya. Ina shigowa da tire na ji ta.

"Papa, ka huce? Ambulan ɗin da na aiko ta zo? Yaya ta ba ka?"

Ni ce Yaya, haka take kirana in ba wasa take ba. Ya ɗago ya dube ni. Kawu mutum ne da ko a wasa ba ya ƙarya, in yaro ya tambaye shi ko allura da zafi sai ya ce da zafi.

Ya ce, "Ta zo. Uwata ta ba ni, na sa hannu, na kai. Allah shi yi miki albarka."

Da ya aje wayar ya jawo tasbaha ya yi ta istigfari. Da ya gama ya ce, "Uwata, shayin nan zai huce." Shi ke nan. Shekara huɗu ya ƙara a ɗakina, bai taɓa tambayata ina ambulan ɗin take ba, bai taɓa canza mini fuska ba.

An canza launin. Aka bar Kawu da mai gonar suka ƙara kaka biyu, sannan kamiyo, manyan motocin kaya, suka shigo. Yanzu manyan magaza ne na aje kaya a wurin, masu ƙofofi jere. Kawu ya koma shuka tonka a bokiti uku a baranda, yana juya su suna bin rana. Bai sake shiga bas ɗin nan ba. Ciwon da ya ɗauke shi na kwana tara ne, kuma kansa a kan hannuna yake. Ita tana cikin jirgi, tsakanin Lyon da Paris.

Ranar uku, da mutane suka watse, ta shigo kicin ta naɗe hannun riga ta kama wanke-wanke. Ba ta ce baiwar gidanmu ba. Ta ce, "Yaya, kwana huɗu na yi a kan takardar nan. Duk abin da na sani na zuba. Na san da wuya, amma na ɗauka ko gefen da yake nomawa za su bari." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ya tafi yana ganin karatuna bai tsinana masa komai ba."

Na ce, "Kullum sunanki ne a bakinsa." Wannan kam gaskiya ce, wa ya fi ni sani.

Ko takardar za ta hana ginin, ban sani ba. Maigidana yakan ce irin wannan abu tun daga sama ake gama shi. Wataƙila. Amma masu kawo bugun inji sun sa an bar wata 'yar gona ta wajen rafi, har yau ana salati a wurin. Kuma wani lokaci ina tunanin ko ta sani. Mai sauraron nan yakan rubuta rahoto, karanta irinsa kuwa aikinta ne. Ko ta duba ba ta ga sunan ubanta da shafi biyar ba, ta yi shiru kamar yadda ya yi? In haka ne, har a nan ma ta gaje shi, ni ban samu ba.

Saura kwana shida sadakar arba'in, za ta zo. Ambulan ɗin tana nan, ko lanƙwasa ba ta yi ba. In na miƙa mata, za ta san ba karatunta ne ya kasa ba, ni ce. Amma zan mai da Kawu maƙaryaci a gaban ɗiyarsa, shi da ya ɗauki wannan nauyi don ya rufe ni. Kuma akwai wani abu, wanda ya fi ba ni kunya. Ita ya bar mata sunansa da kamanninsa da duk gaisuwar mutane. Ni abin da ya bar mini ke nan, ƙarya guda da ya yi domina, wadda bai taɓa yi domin kowa ba, har da ita. In na faɗa, ta zama tamu mu biyu.

To kai da ka zauna ka ji ni har nan, in ta shigo ta aje jaka ta ce "Yaya, ina kwana," in ɗauko mata, ko in bar akwatin a rufe?